Tambaya da Amsa: Yadda Mata Suka Samu Kofin Ƙasashe a Wasan Tanis

Wasiƙun da suka taru a gabanmu a wannan watan sun karkata ga wasan tanis, musamman gasar ƙasa da ƙasa ta mata da yadda ta samo asali. Mun taƙaita masu tsawo daga cikinsu, waɗanda suka yi kama da juna kuma mun haɗa su wuri ɗaya domin amsa guda ta wadatar.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina jin masu sharhin wasanni suna ambaton Kofin Billie Jean King duk lokacin da tawagogin mata na ƙasashe suka haɗu a fagen tanis. Shin wannan baiwar Allah ita ce ta kafa gasar, ko kuwa girmamawa ce kawai aka yi mata?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Girmamawa ce, kuma ba ta daɗe ba, domin sai a watan Satumba na 2020 hukumar tanis ta duniya ta raɗa wa gasar wannan suna. Kafin nan ana ce mata Kofin Fed tun daga 1995, kafin nan kuma Kofin Federation, wato kofin hukumar ita kanta, kuma da wannan suna aka soma ta a 1963. Billie Jean ba ta kafa gasar ba, amma tana cikin waɗanda suka buga ta a makon farko, tana 'yar shekara 19, lokacin tana amsa sunan mahaifinta, Moffitt, kuma da ita Amurka ta ɗauki kofin farko. Sau bakwai tana cikin tawagar da ta ɗauke shi a matsayin 'yar wasa, daga baya kuma ta jagoranci wasu suka ɗauka, don haka babu wanda zai ce an yi son kai wajen zaɓen sunan.

Idan kuwa asali ake nema, sai an koma ga wata Ba'amurkiya mai suna Hazel Hotchkiss Wightman, wadda aka haifa a Kalifoniya a 1886. Ana ba da labarin cewa a farfajiyar gidansu mai tsakuwa ta koyi wasa tare da 'yan'uwanta maza, kuma da yake ƙwallo ba ya tashi daidai a kan tsakuwa, sai ta saba da tarar sa a iska tun bai taɓa ƙasa ba, abin da ya mayar da ita gwanar wasa a bakin raga a zamanin da yawancin mata ke tsayawa can baya cikin dogayen riguna. Ta lashe gasar Amurka shekara uku a jere, daga 1909 zuwa 1911, kuma a kowace shekara ta haɗa kambin ɗaiɗai da na bibbiyu na mata da na bibbiyu na mace da namiji. Bayan aure da haihuwa ta dawo ta sake lashe na ɗaiɗai a 1919, kuma a wannan shekarar ce ta kawo shawarar a kafa wa mata gasar ƙasashe irin wadda maza suke da ita. Ba ta tsaya ga magana ba, ta ba da kyautar kofin azurfa domin a riƙa fafatawa a kansa. Hukumar duniya ba ta karɓi shawarar ba, kuma sai da aka yi shekara 44 kafin ta aikata abin da matar ta nema.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na karanta cewa maza sun samu Kofin Davis tun 1900. Mene ne ya sa mata suka yi jira har 1963? Ko a wancan zamanin babu isassun 'yan wasa mata ne a ƙasashen duniya?

Amsa: Ɗan'uwa, batun rashin 'yan wasa bai taso ba, kuma tarihi da kansa ya ƙaryata shi. Tun 1884 mata ke buga gasar Wimbledon, babbar gasar tanis ta Landan, a 1900 kuma, shekarar da Dwight Davis da abokansa suka karɓi baƙuncin tawagar Birtaniya a Boston a karawar farko ta kofinsa, Charlotte Cooper ta Birtaniya ta lashe gasar tanis ta mata a wasannin Olamfik na Faris. A shekarar da Wightman ta kawo shawararta, Suzanne Lenglen ta Faransa ta ci Wimbledon a karon farko, ta ci gaba da ci har shekara biyar a jere, kuma tururuwar da jama'a ke yi domin kallonta tana cikin abubuwan da suka sa filin ya yi kaɗan har aka koma sabon wuri a 1922. Bayanta an ga Lili de Alvarez ta Sifen ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon sau uku a jere, Cilly Aussem ta Jamus ta lashe shi a 1931, Anita Lizana ta Chile kuma ta ɗauki gasar Amurka a 1937. Duk waɗannan sun yi zamaninsu sun gama ba tare da an ba su kofin da za su nema wa ƙasashensu ba.

Abin da ya fi tsaya wa al'amarin a gaba shi ne kuɗi da kuma masu riƙe da kuɗin. Tanis a lokacin wasa ne na sha'awa a hukumance, an haramta wa ɗan wasa karɓar lada, saboda haka duk wata tafiya ta ƙasa da ƙasa hukumar ƙasarsa ce za ta ɗauki nauyinta. Tafiyar kuwa ta jirgin ruwa ce: kusan mako guda tsakanin Amurka da Turai, makonni da yawa daga Ostareliya. Ga kuma al'adar zamanin, wadda ba ta yarda 'yan mata su yi irin wannan doguwar tafiya ba sai da wata babbar mace mai kula da su, ita ma da kuɗin jirginta da masaukinta. Kwamitocin hukumomin, waɗanda kusan dukkansu maza ne, sun fi son zuba abin da suke da shi a kan tawagar Kofin Davis, wadda ke kawo musu suna da kuɗin ƙofa. Wani abin da ya ƙara rufe hanya shi ne fitar tanis daga wasannin Olamfik bayan na 1924, inda bai koma da cikakken matsayi ba sai 1988, sannan yaƙin duniya na biyu ya zo ya tsayar da komai na wasu shekaru.

A ganina uzurin kuɗi gaskiya ne, amma bai ɗauke laifin gaba ɗaya ba. Wasan ƙwallon tebur ya samar wa mata kofin ƙasashe, Kofin Corbillon, tun farkon shekarun 1930, wasan badminton kuma ya fara Kofin Uber na mata a kakar 1956 zuwa 1957, alhali babu ɗayansu da ya kama ƙafar tanis a dukiya ko yawan 'yan kallo. Da akwai niyya, da an samu hanya tun da wuri.

Abubuwa sun sauya a ƙarshen shekarun 1950. Jiragen sama masu sauri sun mayar da tafiyar makonni ta kwana ɗaya ko biyu, sannan gwanayen mata suka riƙa fitowa daga wuraren da tsohon tsari bai san da su ba: Maria Bueno ta Barazil ta lashe Wimbledon a 1959 da 1960, Margaret Smith kuma ta fara cin gasar Ostareliya a 1960 tana 'yar shekara 17. A wannan lokaci ne Nell Hopman ta Ostareliya ta ɗauki tsohuwar shawarar Wightman ta yi uwa ta yi makarɓiya a kanta. Yawancin masu rubutu suna gabatar da ita a matsayin matar Harry Hopman, shahararren kyaftin ɗin tawagar Kofin Davis ta ƙasarsu, amma ita ma 'yar wasa ce da ta ci kambin bibbiyu na mata a gasar Faransa a 1954 tare da Maureen Connolly, ta kuma sha raka 'yan wasa mata ƙasashen waje, don haka ta san abin da tafiyar ke ci har zuwa kuɗin masauki. A ɗaya ɓangaren akwai Mary Hardwick Hare, 'yar Birtaniya mazauniyar Amurka, wadda a 1962 ta gabatar wa hukumar duniya tarin takardu masu nuna cewa goyon bayan gasar ya yi yawa ƙwarai. An kafa hukumar a Faris a 1913, saboda haka 1963 ta zo daidai da cikarta shekara 50, kuma da sunan bikin wannan cika aka amince da gasar. Mai karatu zai lura cewa sai da bukatar mata ta haɗu da bukatar hukuma ta yin biki kafin ƙofa ta buɗe.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni dattijo ne, kuma a ƙuruciyata na sha jin ana ambaton Kofin Wightman a labaran wasanni na rediyo, amma yanzu shiru kake ji. Wane irin kofi ne, kuma ina ya shiga?

Amsa: Barka kadai, Baba. Shi ne kofin azurfar nan da muka ambata a sama. Da aka ƙi gasar duniya, Birtaniya ce kaɗai ta amsa kira, sai aka mayar da shi karawar shekara-shekara tsakaninta da Amurka, bana a nan baɗi a can. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Faransa, wadda ke da Lenglen a hannu, ba ta shiga ba, kuma wannan ya rage wa kofin armashi tun daga tushe, domin macen da ta fi kowa iya wasa a duniya ba ta taɓa buga shi ba.

An fara shi a watan Agusta na 1923 a Forest Hills da ke birnin Niyok, kuma da shi aka buɗe sabon filin kankare da aka gina a wurin. Tsarinsa karawa bakwai ne domin kada a tashi kunnen doki: manyan 'yan wasa biyu na kowace ƙasa kowacce ta kara da biyun ɗaya ɓangaren, ta uku ta kara da ta uku, sannan a yi bibbiyu sau biyu. Wightman da kanta ce kyaftin, ta kuma buga bibbiyu, tare da ita akwai Molla Mallory, haifaffiyar Norwe, da Eleanor Goss, da wata yarinya 'yar shekara 17 daga Kalifoniya mai suna Helen Wills. Amurka ta ci bakwai da nema. Baƙin da suka sha doguwar tafiyar teku suka koma gida da wannan kashi, amma da shekara ta kewayo aka haɗu a Wimbledon sai suka rama da 6 da 1, inda Wills ta faɗi a karawarta ta ɗaiɗai duka biyu, ɗaya a hannun Kitty McKane, ɗaya a hannun Phyllis Covell. McKane ta sake doke ta a wasan ƙarshe na Wimbledon na wannan shekarar, kuma ita ce kaɗai macen da ta taɓa kayar da Wills a filin wasa a ɗaiɗai na wannan gasa.

Shekaru takwas na farko su ne zamanin daɗin kofin, domin zuwa 1930 kowace ƙasa ta ci sau huɗu, kuma biyar daga cikin karawar sun ƙare ne da 4 da 3. Daga 1931 kuwa Amurka ta riƙe shi ba ta saki ba har 1957, sau 21 a jere, ban da shekarun 1940 zuwa 1945 da yaƙi ya hana a yi. Bayan yaƙin abin ya ƙara muni ga Birtaniya, domin Amurka ta fito da Pauline Betz da Louise Brough da Margaret Osborne da Doris Hart da Shirley Fry, sannan Maureen Connolly ta biyo baya, kowaccensu sai da ta lashe Wimbledon. Wadda ta karya wannan dogon jeri ita ce Christine Truman, 'yar shekara 17, wadda a 1958 ta doke Althea Gibson, mai riƙe da kambin Wimbledon a lokacin kuma baƙar fata ta farko da ta ci wata babbar gasa, Birtaniya ta yi nasara da 4 da 3. Ta sake ci a 1960 da 1968 da 1974 da 1975, sai na ƙarshe a 1978 a zauren Royal Albert Hall na Landan, inda Virginia Wade da Sue Barker suka ci karawar bibbiyu da ta raba gardama.

Daga nan Amurka ta sake jera sau 11, yawanci da rata mai faɗi, manyan 'yan wasa suka daina ɗaukar kofin da muhimmanci, 'yan kallo suka ja baya. An buga na ƙarshe a 1989 a Williamsburg ta jihar Virginia, Amurka ta ci bakwai da nema kamar yadda ta fara, a farkon 1990 kuma hukumomin ƙasashen biyu suka dakatar da shi. A karawa 61, Amurka ta ci 51, Birtaniya 10.

Tambaya: Malam, ina so a ba ni labarin gasar farko ta 1963 dalla-dalla: a ina aka yi ta, ƙasashe nawa suka zo, kuma yaya wasan ƙarshe ya kasance?

Amsa: An yi ta a kulob ɗin Queen's da ke yammacin Landan daga 17 zuwa 20 ga Yuni, wato mako guda kafin a fara Wimbledon. Zaɓen wannan lokaci dabara ce, domin 'yan wasan da ma suna kan hanyarsu ta zuwa Landan, don haka ba a ɗora wa kowace hukuma sabon kuɗin jirgi ba. Ƙasashe 16 suka zo, yawancinsu daga Turai, har da Cekoslobakiya da Hungari daga ɓangaren gurguzu, sai Amurka da Kanada da Ostareliya da Afirka ta Kudu daga nesa. Babu kyautar kuɗi ko ta anini, kowace tawaga ita ta ɗauki nauyin kanta. Tsarin na sili-ɗaya-ƙwale ne: ƙasa biyu su yi karawa uku, ɗaiɗai biyu da bibbiyu ɗaya, wadda ta ci biyu ta wuce, wadda ta faɗi ta tattara kayanta.

A kan ciyawa aka shirya yin wasan, amma ruwan saman Landan ya hana, har aka koma filayen cikin ɗaki masu daɓen katako, kuma a can aka buga wasan ƙarshe. Wanda ya san tanis ya san wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, domin a kan katako ƙwallo yana zamewa da sauri fiye da yadda yake yi a ciyawa, ba ya ba mai tsayawa baya lokacin gyara tsayuwa, sai dai ya taimaki mai bugun farko mai ƙarfi da mai rugawa bakin raga. Amurka da Ostareliya ne suka kai wasan ƙarshe kamar yadda aka zata, kuma duka biyun da irin waɗannan 'yan wasa suka zo.

Kafin in kawo sakamakon, ga ɗan bayani ga wanda bai saba da lissafin wasan ba. Ana raba karawa zubi-zubi, wadda ta fara cin ƙananan wasanni shida da ratar biyu ita ta ci zubin, wadda ta ci zubi biyu kuma ta ci karawar. Margaret Smith ta buɗe wa Ostareliya da lallasa Darlene Hard, wadda ita ce babba a tawagar Amurka, da 6 da 3, sannan 6 da 0. Da Lesley Turner ta ci zubin farko a kan Billie Jean Moffitt da 7 da 5, saura zubi ɗaya kofin ya tafi Ostareliya, amma Moffitt ta juya wasan ta ci biyun da suka rage da 6 da 0, da kuma 6 da 3. Sai aka dawo ga bibbiyu, mata huɗun nan dai da suka gama karawa su ne suka sake shiga fili. Smith da Turner suka ci zubin farko da 6 da 3. A zubi na biyu aka kai shida-shida, kuma a wancan zamani ba a ƙirƙiro gajeren wasan raba gardama da ake yi yanzu ba, dole a ci gaba har sai wani ɓangare ya ba da ratar biyu. Aka yi ta tafiya, bakwai-bakwai, tara-tara, sha ɗaya-sha ɗaya, kowane kuskure ɗaya na Amurkawa yana iya zama ƙarshen zance, har Hard da Moffitt suka ƙwace zubin da 13 da 11. Ƙananan wasanni 24 ke nan a zubi ɗaya, tsawon wata cikakkiyar karawar. Na ukun bai yi wuya haka ba, suka ci da 6 da 3, Amurka ta ɗauki kofin da 2 da 1.

Smith ba ta daɗe da wannan takaici ba. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki ta haɗu da Moffitt a wasan ƙarshe na Wimbledon ta doke ta da 6 da 3, da 6 da 4, ta zama mace ta farko daga Ostareliya da ta lashe wannan gasa. A 1964 a Philadelphia da 1965 a Melbourne ta jagoranci ƙasarta ta doke Amurka a wasan ƙarshe, duka biyun da 2 da 1. Ita ce daga baya aka sani da Margaret Court, kuma a karawa 20 na ɗaiɗai da ta yi a wannan kofi ba a taɓa kayar da ita ba.

Tambaya: Me ya sa ba a kwaikwayi tsarin Kofin Davis ba, inda ƙasa ke zuwa gidan ƙasa, aka tara kowa wuri ɗaya?

Amsa: Amsar tana cikin abin da ya jinkirta gasar tun farko. A wancan lokaci Kofin Davis yana cin watanni, kowane zagaye da tafiyarsa, kowace haɗuwa karawa biyar cikin kwana uku, kuma babu hukumar da za ta yarda ta kashe wa mata irin wannan kuɗi a 1963. Tara kowa a gari ɗaya na mako ɗaya, da tawagar da mata biyu ma za su iya cika ta, shi ne ya sa ƙaramar ƙasa ta iya shiga. Duk da haka nisa bai daina tasiri ba: da aka kai gasar Melbourne a Janairun 1965, ƙasashe 11 kaɗai suka iya zuwa. Wannan ya sa aka fi yawan yin ta a Turai a shekarun da suka biyo baya, a Turin a 1966, Balin a 1967, Faris a 1968, Athens a 1969, Freiburg a 1970. Daga 1963 zuwa 1971 babu ƙasar da ta taɓa kofin sai Amurka da Ostareliya, duk da cewa Jamus ta Yamma da Birtaniya da Holan sun kai wasan ƙarshe.

Tsarin yana da wata fa'ida da na maza bai da ita a lokacin. A Kofin Davis har zuwa 1971 mai riƙe da kofi zama yake yi a gida yana jiran wanda ya tsallake sauran zagaye ya zo ya ƙalubalance shi, a gasar mata kuwa tun ranar farko mai kofi da baƙo daga zagayen farko suke farawa. Kuɗi ya shigo a 1976 da kamfanin Colgate ya ɗauki nauyin gasar, daga 1981 kuma kamfanin NEC na Japan ya karɓa. Ƙasashe suka yi ta ƙaruwa har gari ɗaya ya kasa ɗaukar su, aka fara wasannin share fage na shiyya-shiyya a 1992, zuwa 1994 masu shiga sun kai 73, a 1995 kuma aka koma tsarin gida da waje.

Tambaya: Malam, shin wata ƙasa daga Afirka ta taɓa ɗaukar wannan kofi?

Amsa: Ƙwarai, sau ɗaya, amma labarin yana da ɗaci. Afirka ta Kudu ce, a 1972, a filin Ellis Park na Johannesburg, inda ta doke Birtaniya da 2 da 1 a wasan ƙarshe, Pat Pretorius da Brenda Kirk ne kuma suka ɗauki nauyin tawagar. Ita ce ƙasa ta farko da ta raba Amurka da Ostareliya da kofin. Jagorar tawagar Birtaniya a ranar, Virginia Wade, ita ma a birnin Durban ta girma ta koyi wasa. Sai dai wannan zamanin mulkin wariyar launin fata ne, tawagar ta farar fata ce zalla, daga ƙasar da aka riga aka kora daga wasannin Olamfik, aka kuma dakatar daga Kofin Davis a 1970 bayan ta hana Arthur Ashe, baƙar fata Ba'amurke, izinin shiga. Kai gasar duniya irin wannan wuri a irin wannan lokaci, a ganina, aibi ne ga hukumar, kuma yana da wuya a kira nasarar ta Afirka alhali mafi yawan 'ya'yan ƙasar ba su da damar shiga tawagar.

Batun bai kwanta ba. A 1974 Indiya ta ƙi buga wasan ƙarshe na Kofin Davis da Afirka ta Kudu, ta gwammace ta bar mata kofin. A gasar mata ta 1976 a Philadelphia, Tarayyar Sobiyet da Cekoslobakiya da Hungari sun janye saboda an bar Afirka ta Kudu da Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yanzu, sun shiga, alhali Cekoslobakiya ce mai riƙe da kofin, wanda Martina Navratilova da Renata Tomanova suka ci mata a Faransa a 1975. A ƙarshen shekarun 1970 Afirka ta Kudu ta fita daga gasar, ba ta dawo ba sai 1992, bayan an fara rushe dokokin wariya.

Tambaya: Ita Hazel Wightman ta rayu ta ga gasar da ta nema?

Amsa: Ta gani, Hajiya. Tana da shekara 76 lokacin da aka buga gasar farko a Landan. Nata kofin kuwa ta buga shi sau biyar tsakanin 1923 da 1931, ta yi kyaftin ɗin Amurka sau 13, na ƙarshe a 1948, kuma ta daɗe tana sauke 'yan wasa mata a gidanta da ke kusa da Boston tana koyar da yara kyauta. A 1973, da kofinta ya cika shekara 50, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ba ta lambar girmamawa ta Birtaniya. Ta rasu a watan Disamba na 1974, saura kwana 15 ta cika shekara 88, a shekarar da Ostareliya ta doke Amurka a Naples ta ɗauki Kofin Federation a karo na bakwai.